Gammon Kulu

A Wurno, a zamanin Turawa, shekarar da gulbi ya cinye rabin shinkafar fadama, babu macen da ba ta san Kulu ungozoma ba. Ita ke yanke cibi, ita ke dafa ruwan wankan jego, ita ake tasowa ko tana tsakiyar tuƙin tuwo. Amma akwai wani aiki nata da ba a kiran ta da shi a gaban mutane.

Akwai wani ciwo da ke kama mace a gabanta, daga waje, daidai bakin mafitar haihuwa. Ba ƙurji, ba kumburi, ba jini. In an duba ba a ganin komai, fata lafiya lau. Amma mai shi ji take kamar an ɗora mata garwashi an manta ba a ɗauke ba. Zane in ya goga, ciwo. Zama a ƙasa, ciwo. Kusantar miji kuwa ba a magana. Kuma ba ciwon kwana bakwai ba ne, na shekaru ne.

Kulu ba ta da maganinsa, amma tana da dabara. Ruwan randa mai sanyi, man kaɗe, a bar sabulu, a sassauta ɗaurin zane. Sai babbar dabarar, wato gammo. Irin dai gammon da ake naɗawa a ɗora a ka don ɗaukar tulu, sai dai nata ya fi faɗi, tsakiyarsa a buɗe. Mace ta sa shi ƙarƙashin zane ta zauna, wurin ciwon bai taɓa komai ba. Saboda haka in Kulu ta shiga gidan suna, ta ga mace ta zo da gammo alhali ba ta ɗauko tulu ba, ta san tata ce. Su goma sha tara ne a Wurno. Kowaccensu tana zaton ita kaɗai ce da Kulu suka sani.

Abin da ko ɗayarsu ba ta sani ba, gammon farko da Kulu ta naɗa, kanta ta naɗa wa. Shekara goma sha ɗaya ke nan tana fama. A farkon abin an ce gishiri ne, wato wani abu da ake cewa yana tsirowa ya toshe mace, sai an tsaga da aska. Aka kira wanzami ya tsaga. Ta yi wata biyu a kwance, ta tashi da tabo da ciwon da ya fi na da. Ba ta taɓa faɗa wa kowa ba. Abin da ta samu a madadin lafiyarta shi ne matan nan goma sha tara, da yadda suke kallon ta in ta shigo, kamar ruwa ya zo bayan fari. Wannan kuwa ba ta shirya raba shi da kowa ba.

Sai ga Asabe ta dawo gari.

Asabe ƙanwar Kulu ce, uwa ɗaya uba ɗaya. Da hakimi ya ce a ba da 'ya mace makarantar Sakkwato, ita aka bayar, don Kulu 'yar fari ce, tun tana rarrafe aka miƙa ta ga kakarsu ungozoma. Ubansu har ya rasu bai taɓa kiran sunan Kulu ba saboda kunyar ɗan fari, amma Asabe a cinyarsa take cin tuwo. Yanzu ga ta ta dawo cikin motar kitika, da farar riga da takalmi mai maɗauri, tana yi wa wata likita Baturiya tafinta. Likitar doguwa ce mai jan gashi, mata suka sa mata Mai Auduga, don kullum akwai tsinke mai auduga a kai cikin aljihunta. Ba magani ta kawo ba, bincike take yi. Ta ce a ƙasarsu ta ga mata masu wannan ƙuna, likitoci maza na ce musu tunani ne kawai, shi ya sa take bin ƙasashe tana tambaya tana rubutawa. Sun gama Rabah, za su yi mako uku a Wurno, sannan su wuce Goronyo.

Ranar da suka sauka, da la'asar, Asabe ta zo gaisuwa. Ta tarar da Kulu tana yanka albasa a tsaye. Asabe ta jawo turmi ta kifa, ta faɗa kansa tim, ta miƙe ƙafafu. Kulu ta bi turmin da kallo. Itacen kirya ne, mai tauri kamar dutse, ga wannan ta zauna a kai kamar a kan katifa, bayan ta sha girgizar mota tun daga Rabah.

"Adda, hal yanzu a tsaye kika aiki kamar zalɓe?" in ji Asabe tana dariya. "Ki zamna mana mu gaisa."

"Mu ba mu saba da kujerun Turawa ba. Ina yara?"

"Suna can wurin ubansu, su huɗu, sun cika mani kunne. Adda, wurinki nit taho. Likita ta ce ungozomomi na da amfani ƙwarai, su ka iya tara muna mata mu yi musu tambaya."

Kulu ta ajiye wuƙa. "In tara muku? Awaki na?"

"Haba Adda, ba haka ni ka nuhi ba."

"Mi kuke nema ga matan mutane?"

Asabe ta bayyana mata ciwon dalla-dalla, da murya irin ta mai karanto abu daga takarda: ƙuna, raɗaɗi, ba a ganin komai. Kulu na tsaye tana saurare, ciwon na cin ta a daidai lokacin, ana koya mata shi kamar karatun allo. Da Asabe ta gama sai ta ce, "A Rabah mun samu biyu kaɗai. Likita ta ce in an gama, sunana zai hito cikin littahin, can Ingila."

"Madalla," in ji Kulu. "Ni dai ban taɓa jin wanga ciwo ba."

Kwana biyu bayan haka aka yi suna a unguwar masaƙa. Kulu ta ga yadda mata suka yanyame Asabe, wannan na taɓa rigarta, waccan na tambayar ko gaskiya ne Turawa da cokali suke shan fura. Har wata daga cikin masu gammo ta matsa kusa da ita tana murmushi. Shekara goma sha ɗaya Kulu tana bin gidaje da ƙafa cikin rana, ba wanda ya ce sunanta zai je ko Rabah.

Kafin a watse ta bi matanta ɗaya bayan ɗaya. Ba ta yi ƙarya ba, wannan kam a shaide ta. Ta dai ce, "Abin da anka rubuta ba shi mutuwa. Littahin nan Sakkwato za a kai shi, malaman ohis maza su buɗe su karanta: wance matar wane, ga abin da ad damunta. Ni dai na hwaɗa miki." Ba ta san ko haka ne ba, ba ta kuma tambaya ba.

Maganar ta yi aiki fiye da yadda ta zata. Mai Auduga da Asabe suka shiga gida sittin da wani abu. Ana shimfiɗa musu tabarma, a kawo fura, a yi ta godiya. Ciwon kai akwai, ciwon baya akwai, shawara akwai. Wancan kuwa, "Subhanallahi, mu ba mu san shi ba." Wasu suna faɗin haka suna zaune a kan gammo. Asabe ta fara ramewa, dariyarta ta ragu. Kulu ta lura, kuma sai ta ji tuwo ya ƙara yi mata daɗi.

Ana sauran kwana uku su tafi, aka aiko kiran Kulu gidan Mode mai albasa. Matar Mode, Kyauta, ita ce ƙaramar cikin masu gammo. Auren so suka yi, shekara biyu ke nan, Mode kuma mutum ne mai haƙuri, amma uwarsa Fatsuma haƙurinta ya ƙare. Kulu ta tarar da Kyauta a rakuɓe jikin rumbu, idanu sun kumbura. Fatsuma na kan tabarma tana kaɗi.

"Kulu, Jumma'a da hantsi wanzami zai taho," in ji Fatsuma. "Gishiri na. Ke za ki riƙe ta, ke za ki yi jinya."

Kulu ta matso kusa da tabarmar. "Goggo, ba gishiri ba na. Na duba ta ba sau ɗaya ba. Babu abin tsagawa. In anka sa mata aska ƙaruwa zai yi."

"Ke mi kis sani? An taɓa tsaga ki?"

Kulu ta kau da kai ta dubi rumbu.

"To kin gani. In ba gishiri ba, mi na na?"

"Wani ciwo na daban. Akwai masu shi."

Fatsuma ta dakatar da mazari ta dube ta. "Su wa? Baturiya ta bi garin ga gida-gida, da ita da Asabe taku mai ilimi, sun nemi wanga ciwo da kika hwaɗi ba su samu ko mutum guda ba. Nan sunka zamna, Kyauta da bakinta ta ce lahiyarta lau. Ke kin hi likita? Kin hi Asabe? In Asabe ta taho ta ce a bari, sai a bari. Ke kau aikinki cibi."

Kyauta ta ɗago ta dubi Kulu. Kulu ce ta ce mata ta yi shiru.

Laraba ta wuce, Kulu ba ta je ko'ina ba. Ta wanke tukwanen da ba su yi datti ba. Ta share tsakar gida sau uku. Duk inda ta juya sai ta ji ƙarar askar da wanzami ke wasawa a tafin hannunsa shekara goma sha ɗaya baya. Sai kuma ta hango Asabe ta shiga gidan Mode da farar rigarta, ta yi magana ɗaya an ji, matan gari suna cewa Allah ya yi wa ɗiyar nan albarka, ita ta ceci Kyauta. In ta tuna askar sai ta ɗauki mayafi. In ta tuna rigar sai ta ajiye.

Ranar Alhamis bayan azahar ta ɗauka ba ta ajiye ba. Ta nufi ɗakin shan magani na En'e, inda aka ba likitar ɗaki a baya. Ta tarar ana ɗaure akwatuna. Mai Auduga na kan kujera, littafin a buɗe gabanta, shafin fari fat in ban da layuka. Asabe na naɗe bargo.

"Adda! Bankwana kit taho yi muna?"

"Ruhe ƙohwa."

Asabe ta rufe. Kulu ta sa hannu ƙarƙashin mayafi ta fito da gammonta, tsohon zane baƙi da ya koɗe, ta ɗora a kan littafin.

"Ki juya mata abin da za ni hwaɗi. Kada ki ƙara, kada ki rage, kada ki sa mani irin muryar nan taki ta makaranta."

Ta fara. Ta faɗi yadda abin ya soma bayan haihuwarta ta biyu, kamar an daka tonka, wato barkono, an shafa mata. Ta faɗi wanzami da wata biyun da ta yi a kwance. Ta faɗi dalilin da ya sa take yanka albasa a tsaye, da dalilin da ya sa ba ta je bikin Asabe a Sakkwato ba, don ba ta iya hawa jaki, ba don abin da aka yi ta faɗi ba. Asabe na juyawa, muryarta na ƙara ƙanƙancewa, har ta tsaya cak.

"Adda… shekara goma sha ɗaya? Ni kau ina ce miki zalɓe?"

"Ba kuka nit taho saye ba. Juya mata, aikinki na."

Likitar ta nemi izinin dubawa. Kulu, wadda ta duba matan rabin gari, ta hau gado ta kwanta tana kallon azara. Mai Auduga ta ciro tsinkenta ta taɓa cinya. Babu komai. Ta matsa kaɗan. Babu komai. Ta taɓa wurin, taɓawar da ko ƙuda ya fi ta nauyi, Kulu ta damƙe ƙarfen gado har ya yi ƙara. Likitar ta janye hannu nan da nan. Ta daɗe tana kallon tabon askar, sannan ta yi magana a hankali.

"Ta ce shi na," in ji Asabe tana share hanci. "Irin na matan ƙasarsu, ba bambanci. Ta ce ba za ta yi miki ƙarya ba, ba su da maganinai tukuna, ko suna ba su gama sa mai ba. Amma aska ba ta taɓa warkar da shi ba, ko can ko nan. Tana tambaya, mi na na wanga ƙunshin tsumma?"

Kulu ta sauko, ta gyara zane, ta ɗora gammon a kan kujerar katako ta zauna a kai. Likitar ta zagaya ta duba ta nan, ta duba ta can, ta ɗauki gammon ta sa yatsa a ramin tsakiya. Sai ta zauna ta shiga zana shi a littafi, da sauri, har tana tura harshe gefen baki.

"Su goma sha tara na ban da ni," in ji Kulu. "Ni nih hana su magana. Wannan ma ki juya mata."

Asabe ta dube ta. "Don mi, Adda?"

"Don rigarki ta cika hwari. Juya."

Ko Asabe ta juya wannan daidai, Kulu ba ta sani ba. Ta dai kafa sharaɗinta: ba za a rubuta sunan kowa ba, ko na miji, ko na unguwa. Ita za ta bi su ta tambaye su, wadda ta yarda ta zo, wadda ta ƙi a bar ta. Likitar ta ce dama lamba take sawa, ba suna ba, tun daga Rabah haka take yi. Kulu ta ji kunya ta rufe ta, amma ba ta bari an gani ba. Aka fasa ɗaure akwatuna, aka ƙara kwana huɗu.

Kafin la'asar su uku suna gidan Mode. Fatsuma ta sa aka shimfiɗa sabuwar tabarma. Likitar ta duba Kyauta a ɗaki, ta fito ta yi 'yar magana, Asabe ta gyara tsayuwa.

"Goggo, ba gishiri ba na. Babu abin tsagawa. In anka sa mata aska ƙaruwa zai yi. Wani ciwo na daban, kuma akwai masu shi."

Kulu na tsaye jikin rumbu. Maganarta ce ta ranar Talata, ko wasali ba a canza ba.

"Allahu akbar," in ji Fatsuma. "To ai tunda Asabe ta hwaɗi, an gama. A aika wa wanzami ya sha zamanai. Kai, ilimi abin so na! Kulu, kin ga ƙanwarki? Da kin yi karatu da ke ma kin gane."

"Da na gane, Goggo," in ji Kulu.

Haushinta bai ragu ko kaɗan ba. Sai dai da ta juya za ta fita, Kyauta ta biyo ta zaure ta kama gefen mayafinta ta riƙe, ta daɗe ba ta saki ba.

A cikin kwana huɗun, mata goma sha huɗu suka yarda. Biyar suka ce ko a lamba ba su shiga littafin Nasara, Kulu ta ce sun kyauta. Ranar ƙarshe ta sa Asabe ta nuna mata shafin farko na matan Wurno. A can sama akwai rubutu mai ƙugiyoyi.

"Wanga mi na na?"

"Sunan likita. Na ƙasa nawa na."

"Ni ina nawa?"

Asabe ta nuna wata 'yar sanda a tsaye, ita kaɗai, a farkon layi. "Ga ki. Lamba ɗaya. Ke kic ce kada a sa suna, Adda. In kina so in roƙe ta…"

"A'a." Kulu ta ƙura wa sandar ido. Siririya ce, ko ado babu, sunan Asabe kuwa ya kusa cika layi. "Duk wadda za a rubuta, daga nan hal Ingila, bayana take?"

"Bayanki take."

"To bar shi."

Da hantsi kitika ta tsaya a ƙofar gidan Kulu. Likitar ta ce ba ta zuwa Goronyo sai da ita, don Kulu ta san masu gammo shida da aure ya kai can, har da biyu a Shinaka waɗanda ita ta koya wa naɗi. Asabe ta sauko daga gidan gaba tana ɓoye wani abu a baya. Ta miƙo. Gammo ne, na sabon farin yadi, wanda ta yaga daga ɗaya cikin rigunanta biyu na aiki.

"Saboda hanya, Adda. Akwai gargada."

Kulu ta karɓa ta jujjuya. Naɗin ya yi tauri, ramin tsakiya ya matse, ga wani ƙulli a daidai inda bai kamata ba. Ta ji wani daɗi ya ratsa ta tun daga ka har ƙafa.

"Shekara nawa kika yi makarantar nan? Ko gammo ba su koya miki ba?"

Ta warware shi gaba ɗaya a gaban direba da likita, ta sake naɗawa a hankali, yadda kowa zai ga yadda ake yi. Sannan ta zagaya ta buɗe ƙofar gidan gaba, inda kujera mai laushi take kusa da Mai Auduga, ta ɗora gammon ta hau ta zauna.

"Adda, nan wurina na. In likita ta yi magana wa zai juya miki?"

"Ki ɗaga murya daga baya. Ke da ke iya zama bisa turmi, akwati ba shi kashe ki."

Asabe ta tattare farar rigarta ta haye baya, ta zauna a kan akwatin magani. Mota ta tashi ta nufi Goronyo, Kulu kuwa ba ta waiwaya ba sai sau ɗaya, don ta tabbatar ana girgiza ta yadda ya kamata.